Layin Can Ko eSIM? Shawarwari 12 Ga Gidan Da Ke Da Matafiyi

Da zarar an ce wani a gida zai fita ƙasar waje, hankalin kowa kan koma kan fasfo da biza da guzuri. Maganar waya akan bar ta sai daren tafiya, wani lokacin ma sai an sauka can a tuna da ita. Matafiyi ya isa Jidda ko Dubai ko Alƙahira, ga waya a hannu amma ba ta kira ba ta karɓa, mutanen gida kuma suna zaune cikin zullumi suna jiran su ji an sauka lafiya.

Hanyoyi uku ne a gaban matafiyi a yau. Ko dai ya sayi layin ƙasar da ya je ya zura a wayarsa, ko ya sayi eSIM, layin da ba shi da kati, wanda ake saye ta intanet a sauke shi cikin waya tun daga gida, ko kuma ya ci gaba da amfani da layinsa na gida ta hanyar romin. Babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Abin da ya dace da ɗan kasuwar da zai yi kwana 5 a Guangzhou daban yake da abin da ya dace da dattijuwar da za ta yi wata guda a ƙasa mai tsarki. Shawara ce da ya kamata gida ya zauna ya yanke tun kafin a ɗaure kaya.

1. A fara tantancewa: lamba ake buƙata ko data?

Duk sauran shawarwarin a kan wannan tambaya suka rataya. Yawancin eSIM ɗin tafiya da kamfanoni irin su Airalo da Holafly da Nomad ke sayarwa data ce zalla. Za ka shiga WhatsApp, ka duba taswira, ka buɗe manhajar banki, amma ba ka da lambar ƙasar da wani zai buga ya same ka, kai ma ba za ka iya buga lambar otal ko ta asibiti kai tsaye ba. Layin ƙasar kuwa yana zuwa da lamba da mintunan kira da data a haɗe.

Sai a dubi su wa matafiyin zai riƙa hulɗa da su. Idan direba ne da mai masauki da likita da jami'in alhazai, mutanen da za su ɗaga waya su kira shi nan take, lamba yake buƙata. Idan kuwa duk abokan hulɗarsa suna kan WhatsApp ko WeChat, data kaɗai ta wadatar.

2. A binciki wayar kanta tun a gida

Ba kowace waya ke ɗaukar eSIM ba. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a danna *#06#. Idan a cikin lambobin da suka fito akwai wata doguwa mai alƙaluma 32 da aka rubuta EID a kanta, wayar na ɗauka. Apple ya fara saka eSIM daga iPhone XS da XR a 2018, Samsung kuma ya saka shi a jerin Galaxy S20 a 2020. Mafi yawan Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'armu ba su da shi, don haka mai irin wannan waya maganarsa ta ƙare, layin can zai saya.

Masu sayen wayar hannu da aka yi amfani da ita a waje su lura da abu uku. Mafi yawan iPhone da aka ƙera don kasuwar Sin gidan layi biyu ne da su, babu eSIM. iPhone da aka sayar a Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, ba ta da gidan layi sam, eSIM kaɗai take ɗauka. Sannan akwai wayoyin da kamfanin sadarwar da ya sayar da su ya kulle, ba sa karɓar layin kowa sai nasa. A gwada layin wani kamfani a ciki, ko a kai wa mai gyaran waya ya duba. Wannan aikin minti 5 ne a gida, amma a can yana iya cinye wuni guda.

3. Ga alhazai da dattawa, layin Saudiyya ya fi

Manyan kamfanonin sadarwa a Saudiyya uku ne: STC da Mobily da Zain. Dukansu suna da tsare-tsare na baƙi, kuma suna da shaguna a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina, har da kewayen Harami.

Dalilin fifita layin can ga dattijo a bayyane yake. A ce Hajiya ta fito jifa a Jamarat, cunkoso ya raba ta da abokan tafiya, ga tantunan Mina duk kamarsu ɗaya, ga rana ta take. Ta tare wani askar ko wani alhaji ɗan wata ƙasa, ta miƙa masa takardar da ke rataye a wuyanta. Idan lambar Saudiyya ce ta shugaban ayari a rubuce, nan take zai danna a wayarsa ya kira. Haka su ma masu nemanta, lambarta za su buga ta yi ƙara a jakarta, ba sai ta kunna data ba, ba sai ta buɗe wata manhaja ba. A wuraren da dubban ɗaruruwan mutane suka taru a fili ɗaya kamar Arfa da Muzdalifa, data kan yi nauyi, amma kira da gajeren saƙo sukan fi saurin wucewa.

Kada mata da miji su ce layi ɗaya ya ishe su don a rage kashe kuɗi. A Masallacin Annabi wurin sallar mata daban ne da na maza, a ɗawafi kuma rabuwa ba ta da wuya. Kowa ya riƙe nasa, ko da ƙaramar waya ce mai madannai. Ita ƙaramar wayar ma cajinta ya fi daɗewa a kwanakin Mina, inda wurin caji ke wahalar samu.

4. Ga gajeriyar tafiya ko mai ratsa ƙasashe, eSIM ya fi sauƙi

Wanda zai je taro na kwana 3, ko ɗan kasuwar da zai bi ta Addis Ababa ya sauka Dubai ya wuce Sin, bai kamata ya riƙa bin layi a kowane filin jirgi yana rajista ba. Akwai eSIM na ƙasa ɗaya, akwai na yanki, akwai wanda ya haɗa ƙasashe da dama. Jirgi na sauka ka kunna waya, sabis ya hau, ka kira mota ta Uber ko Careem, ka tura wa gida saƙo tun kafin jakarka ta fito. Layinka na gida kuma yana nan a gurbinsa, ba ka cire shi ba balle ya ɓace.

Sai dai a san cewa eSIM ɗin tafiya ba shi da turakun kansa. Hawa yake kan sabis na kamfanonin ƙasar, sannan datarka kan zaga ta wata ƙasa kafin ta isa inda za ta, kamar mai zuwa Zariya daga Kano ya bi ta Katsina. Shi ya sa wani lokaci murya kan ɗan makara a kira. Kuma idan zaman ya kai makonni, lissafi kan nuna layin ƙasar ya fi araha a kan kowace gigabait.

5. A san ƙasashen da ke toshe wasu manhajoji

A Sin, WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a kan layukan ƙasar. Wanda ya sayi layin China Mobile ko China Unicom zai ga data na gudu amma saƙon gida ba ya shigowa. A nan zagayen da eSIM ke yi ya zama alheri, domin tunda datarsa ta wata ƙasa take fita, galibi waɗannan manhajoji sukan buɗe. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa Guangzhou da Yiwu su sauke WeChat tun a gida, da shi masu kaya ke magana a can.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp na tafiya, amma kiran murya da na bidiyo a cikinsa ba sa tafiya a layukan ƙasar. Mazauna can da manhajar Botim suke kira. Idan matafiyi zai yi amfani da layin du ko Etisalat, shi da mutanen gida su sauke Botim tun kafin tafiya, su gwada kiran juna.

6. Mai sayen eSIM ya gama komai kafin ya bar gida

Sauke eSIM cikin waya na buƙatar intanet mai ƙarfi, abin da ba lallai ka samu a filin jirgin can ba. Wasu ƙasashen ma sun taƙaita sayensa daga cikinsu. Indiya, inda mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani, ta sa an cire manhajojin Airalo da Holafly daga rumbun manhajojin ƙasar a farkon 2024. Wanda bai saya ya girka tun a gida ba, zai sha wahala a can.

A gwada katin banki da wuri, domin da dala ake sayarwa, kuma ba kowane katin naira ke biyan kuɗi a waje ba. A karanta a ga yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa: wasu daga ranar da aka saya, wasu sai waya ta kama sabis a can. Lambar QR da za a turo maka galibi sau ɗaya take aiki, don haka bayan an girka kada a goge layin da sunan za a sake sakawa. A ba shi suna a cikin waya, misali "Tafiya", don kada a rikita shi da na gida. Idan an sauka, a zaɓe shi a matsayin layin data, a kunna masa romin. Rashin kunna wannan ne ke sa mutane da yawa su ɗauka an cuce su, alhali maɓalli ɗaya ne ya rage.

7. Mai sayen layin can ya saya a shagon kamfani, da sunansa

A Saudiyya da Masar da Daular Larabawa da Turkiyya duk sai da fasfo ake rajistar layi, a Saudiyya har da dangwala yatsa. A riƙe kwafin fasfo da na biza a jakar hannu. Za ka haɗu da masu tallan layi a bakin titi suna cewa an riga an yi masa rajista, kawai ka saka. Ka guje su. Ba ka san da sunan wa aka buɗe shi ba, ba ka san abin da aka aikata da shi ba, ana kuma iya rufe shi kowace rana ba ka da wurin kai ƙara. Araha ba ta ado.

Kada ka bar gaban mai shago sai ka ga abu huɗu da idonka: data ta buɗe shafi, ka kira wata lamba ta shiga, an rubuta maka lambarka a takarda, an kuma nuna maka yadda ake duba saura da ranar ƙarewa. Ka tambaya ko mintunan da ke ciki sun haɗa da kiran Najeriya ko Nijar, don wasu tsare-tsaren na cikin ƙasa ne kawai. Mai wayar da ba ta da gidan layi kada ya damu, su ma STC da Mobily da Zain suna bayar da eSIM mai lambar ƙasar a shagunansu.

8. Layin gida ya zauna a raye, amma a kashe masa data

Layinka na MTN ko Airtel ko Glo shi ke ɗaure da lambarka ta NIN da asusunka na banki. Ta kansa alat ke shigowa, ta kansa lambar sirri ta OTP ke zuwa idan za ka tura kuɗi. Kafin tafiya ka je ofishin kamfanin ko ka kira su ka tabbatar an buɗe masa romin, ka zuba masa ɗan kati. Karɓar gajeren saƙo a waje galibi kyauta ne, amma kira da kuɗi ne, har da ɗaga kiran da wani ya yi maka. A gaya wa 'yan uwa su daina buga tsohuwar lambar sai da larura.

Babbar asarar tana cikin data. Idan aka bar romin ɗin data a kunne a layin gida, waya na iya lashe kuɗin da ke ciki tun kafin a fito daga filin jirgi, saboda manhajoji na ta aiki a ɓoye. A kashe shi tun ana cikin ɗakin jira a Kano ko Abuja ko Yamai. Kada kuma a dogara da lambobin tauraro da ake dannawa don tura kuɗi, sau da yawa ba sa aiki a waje. A sauke manhajar bankin, a shiga a gwada ta tun a gida.

Idan dole sai an cire layin saboda gidan layi ɗaya ne, a manna shi da salatif a jikin wani kati, a saka a jakar fasfo tare da ɗan tsinken buɗe gidan layi. Kada a bar wa kowa shi a gida sai wanda za a iya damƙa wa makullin asusu, domin wanda ke riƙe da layinka yana daf da kuɗinka.

9. Kada a canza lambar WhatsApp

Mutane da yawa na tsoron cewa saka sabon layi zai ɓatar musu da WhatsApp. Ba haka ba ne. WhatsApp na ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka a kan kowace data. Idan ya tambaya ko za a koma sabuwar lamba, a ce masa a'a. Wanda ya mayar da shi kan lambar Saudiyya zai shiga matsala bayan ya dawo, domin layin baƙi na ƙarewa, kamfani kuma na iya sayar wa wani lambar. Kada a goge manhajar a sake saukewa a can, tunda lambar tabbatarwa layin gida za a tura wa. A kuma saka lambar sirri ta mataki biyu kafin tafiya.

10. A yi lissafin data da gaskiya, a toshe inda take zurarewa

Saƙon rubutu da kiran murya ba sa cin komai sosai. Minti guda na kiran murya a WhatsApp bai cika kai megabait 1 ba. Kiran bidiyo na cin ninkin wannan sau da yawa, TikTok da YouTube da Facebook kuwa su ne ke cinye gigabait cikin sa'o'i kaɗan. Wanda zai riƙa nuna wa jikoki Ka'aba ta bidiyo kullum bayan Isha'i, ya sayi babban tsari tun farko, ya fi masa sauƙi a kan ƙari bayan ƙari.

A yi hattara da tsarin da aka ce ba shi da iyaka. Yawanci akwai adadin da idan ka kai a rana gudun zai ragu ƙwarai, wasu kuma suna taƙaita raba data ga wata waya. Kafin tashi, a hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon zaurukan hira da kansa, a hana manhajoji sabunta kansu sai a kan Wi-Fi, a dakatar da kwashe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud. A sauke taswirar garin da za a je a Google Maps don ta yi aiki ba data. Masu zuwa Umara da Hajji su girka manhajar Nusuk su yi rajista tun a gida, da ita ake neman izinin shiga Rauda. Wi-Fi na otal ya isa tura hotuna, amma harkar banki a yi ta da datar layi.

11. Masu dogon zama da masu tsallaka iyaka, layin ƙasar ne nasu

Ɗalibi ko mai jinya ko mai aiki da zai yi watanni ba shi da zaɓin da ya wuce layin ƙasar, don makaranta da asibiti da banki duk lambar can za su nema. eSIM na mako guda ya ishe shi kafin ya zauna da gindinsa. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun watan Yuni na 2017, layin da aka saya a Faransa na aiki a Jamus ko Italiya ba tare da ƙarin kuɗin romin ba, amma dokar ba ta haɗa da Birtaniya ba yanzu. A Turkiyya kuwa wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin ƙasar na kwana 120 ne, daga nan a rufe ta sai an yi mata rajista an biya haraji. Iyayen ɗalibai su saka wannan a lissafi.

Fataken da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, waya mai layi biyu ta fi musu komai: na Najeriya a gefe, na Airtel Nijar ko Moov ko Zamani a ɗaya gefen. A kusa da iyaka waya kan kama sabis na maƙwabta da kanta ta fara cajin romin alhali ba ka tsallaka ba. Maganinsa a zaɓi kamfani da hannu a cikin saitin waya.

12. Mutanen gida ma suna da nasu aikin

A samu mutum ɗaya a gida, ɗa ko 'ya ko ƙane wanda ya iya waya, ya ɗauki nauyin wannan fanni. Ya zauna da matafiyin kwana biyu kafin tafiya, ya ce, "Baba, ku kawo wayar mu gwada tare," ya bar shi ya danna da hannunsa har ya iya. Ya gyara duk lambobin da ke cikin wayar su fara da lambar ƙasa: +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar, +233 ga Gana, +966 ga Saudiyya, a cire sifirin farko. Lambar da aka adana da 080 ba za ta shiga daga layin waje ba, kuma wannan ƙaramin abu ya hana dattawa da yawa jin muryar 'ya'yansu.

A rubuta muhimman lambobi a takarda da manyan baƙaƙe: na gida guda biyu, na shugaban ayari, na masauki, da na agaji. A Saudiyya 997 ce lambar motar asibiti, 937 ta ma'aikatar lafiya, 911 kuma ta gaggawa a Makka. A saka fawa bank da caja a jakar hannu. Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, amma mai cajar ƙafa biyu irin ta Nijar ya nemi mahaɗi. A tsayar da lokacin gaisawa sau ɗaya a rana, ana tuna cewa Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2. A kuma yarda tun farko cewa a ranakun Arfa da Mina shiru na wuni guda ba abin tayar da hankali ba ne.

A taƙaice, dattijo da alhaji da mai jinya da ɗalibi, a saya musu layin ƙasar. Matashi mai sabuwar waya da zai yi 'yan kwanaki ko zai ratsa ƙasashe, eSIM ya ishe shi. Wanda wayarsa da aljihunsa suka ba shi dama ya haɗa biyun: ƙaramin eSIM na ranar sauka, sai layin can idan ya huta. Kowanne aka zaɓa, layin gida ya zauna a raye da datarsa a kashe. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.